Littafin da Baban Gara Ya Ɗinke ta Dama

A layinmu akwai wata yarinya da ake kira Gara. Shekarunta goma sha uku, siririya ce, doguwa, ga saurin tafiya kamar wadda aka aika aka ce kada ta tsaya ko'ina. Ummanta ce ta laƙaba mata sunan tun tana aji biyu na firamare, ranar da aka aike ta sayo sabulu ta dawo babu sabulun, sai takardar da aka naɗe shi a ciki tana tafe tana karantawa. Sabulun ya zame a hanya, ba ta ma sani ba. Umma ta riƙe baki ta ce, "Ni kam ba mutum na haifa ba, gara na haifa. Duk inda takarda take sai ta cinye ta." Shi ke nan suna ya bi ta, har malaman makaranta da shi suke kiranta, ita kuwa ko a jikinta.

Babanta baduku ne. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga, kuma ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Takalma yake ɗinkawa, da jakunkuna, da bel, amma abin da ya yi suna a kai shi ne bangon littattafan addini. Mutum zai kawo masa littafin da ya gada wajen kakansa, ya yi laushi kamar tsumma, Baba ya juya shi a hannu ya ce a dawo jibi. In aka dawo sai a same shi ɗaure tamau cikin jar fata, ya shirya wa wasu shekaru hamsin. Baba makaranci ne, kada wani ya yi zaton ba ya karatu. Karatunsa dai na Larabci ne. Boko bai taɓa shiga tsakaninsu ba, ban da lambobi, su kam ya san su sarai saboda awon ƙafa.

Bayan littafi, abu ɗaya ne ke ɗauke wa Gara hankali: gada. Tana da wani littafin zane mai baƙin bango, a ciki babu fure, babu tsuntsu, sai gadoji. Ta kan babban titi, ta jirgin ƙasa, har 'yar ƙaramar nan ta katako da ke kan kwatar bayan makaranta. Kowacce ta ƙirga ƙafafunta, ta rubuta a gefe inda take ganin nauyi ya fi sauka. In an tambaye ta me za ta zama, ba ta cewa tana fata. Cewa take yi, "Gada zan gina," kamar mai faɗa maka sunan ranar gobe.

Ɗakin karatun makarantarsu ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, mai fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Mai riƙe da makullinsa wata malama ce gajeriya mai tabarau, wadda yara ke kira Malama Shiru, don wannan kalmar ce gaisuwarta kuma ita ce sallamarta. Kowane ɗalibi yana da katin aro a cikin wani tsohon gwangwanin biskit a kan teburinta. Dokarta ɗaya ce, an rubuta ta a jikin ƙofa: littafi ya dawo yadda ya fita, in ba haka ba katin mai shi ya kwana a aljihun tebur har ƙarshen zango. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har ɗan shugaban makaranta. Katin Gara kuwa shi ne ya fi na kowa tsufa saboda yawan shiga da fita. A gidansu, in ka ɗebe littattafan Baba da na aji, babu abin karantawa sai kalanda. Wannan katin shi ne rijiyarta.

Da hutun tsakiyar shekara ya zo, malamin adabi ya ce kowa ya karanta littafi ɗaya, in an dawo ya tsaya gaban aji ya ba da labarinsa. Gara ta zaɓi wani mai shafi ɗari biyu da goma sha biyu, labarin wata mata da ta ɗauki jaki da igiyar awo ta bi wani kogi tun daga bakinsa tana neman inda ya faro. Kwafi ɗaya ne tak a makarantar. Matsalar ita ce za su yi tafiya, gidan Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta koma wani gari mai nisan yini guda a mota.

"Littafina ba ya hawa mota," in ji Malama Shiru.

"Malama, ni ce fa."

"Na san ke ce. Shi ya sa ban kore ki ba tukuna."

"Zan sa shi a leda, in sa ledar a jaka, in rungume jakar. Ko ruwa zan sha sai na juya masa baya."

Malama ta dube ta ta saman tabarau ta daɗe. Sannan ta ciro katin, ta buga hatimi, ta ce, "Kin san abin da ke jikin ƙofa."

"Na haddace shi, Malama."

Ranar tafiya suka isa tasha da wuri, Baba da 'yar jakar kayan aikinsa da ba ya rabuwa da ita, Umma da kwandon guzuri, Gara da jakarta a ƙirji. Ta roƙi kujerar gaba don ta ga gadoji tun daga nesa, aka ba ta. Motar irin manyan bas ɗin nan ce da injinsu ke ciki, kusa da direba, an rufe shi da wani faffaɗan murfi mai shimfiɗar roba. Wuri ne mai kyau kamar tebur. To alkawarin leda da jaka bai wuce gada ta uku ba. Tana karatu, in ta hango gada sai ta kife littafin a kan murfin nan ta zaro na zane, in an wuce ta koma. Ta ƙirga gada goma sha ɗaya kafin azahar. A ta goma sha biyu, wata doguwa mai ƙafa tara, ta shagala da zane har kusan rabin awa, littafin yana kife a kan murfi, rana tana dukansa ta gilashi, inji yana gasa shi ta ƙasa.

Littafin nan ba ɗinki ne ya riƙe shi ba, gam ne kawai. Da ta ɗago shi sai bango ya zo hannunta shi kaɗai. A daidai lokacin motar ta faɗa rami, iska ta shigo ta tagar direba, shafuka suka tashi kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Direba! Direba, rufe taga!"

Direban ya rufe yana cewa, "Yau kuma jarida muka ɗauko?"

Gara ba ta yi kuka ba. Miƙewa ta yi, ta dafa ƙarfe, ta juya ta fuskanci mota guda ta ce, "Jama'a, don Allah kowa ya duba ƙarƙashin ƙafarsa. Kada wanda ya taka, kada wanda ya naɗe. A miƙo gaba." Sai ga takardu suna tahowa hannu zuwa hannu. Wani dattijo mai kwandon kaji ya ciro ɗaya daga cikin kwandon ya ce, "'Yata, wannan zakarana ya fara karantawa, ya ce bai gane ba." Wata mai goyo ta zaro ɗaya daga hannun jaririnta saura kaɗan ya kai baki. Gara ta zauna ta jera su a cinya bisa lamba, ganye ɗari da shida, ta ƙirga sau biyu. Babu wanda ya ɓace.

Umma ta leƙo daga kujerar baya. "Ina ledar?"

"Tana cikin jaka, Umma."

"Ina jakar?"

"Ga ta."

"To sannu. Leda dai ta isa lafiya."

Baba ya miƙo hannu ya taɓa busasshen gam ɗin da ke gefen takardun, ya murza shi da yatsa, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa irin na mai sana'a da ya ga aikin ganganci.

Gidan Goggo ɗaki biyu ne da 'yar baranda a saman wani shagon tela, kana zaune kana jin keken ɗinki ta ƙarƙashin ƙafarka. Goggo mace ce mai murya, ba ta gaisuwa sai da tsiya. Ta rungume Gara ta ce, "Ke har yanzu ba ki yi ƙiba ba? Takarda ba ta da maiƙo, na faɗa miki." Gara ta ɗaure shafukan da kallabi, ta ajiye a kan kabad. Shirinta a shirye yake: gobe za ta sayi gam, ta mayar da su cikin bangonsu, ta danne da dutsen guga. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta abu ne da bai kai a yi shawara ba.

Washegari da hantsi Goggo ta ce ta zo ta kai ta ta ga wata gadar ƙarfe da ke bayan kasuwa, wadda jirgin ƙasa ke bi ta sama, mutane ta ƙasa. Gara ta manta da gam, ta manta da duniya. Suka yi awa uku, tana zane Goggo tana mita. "Mutane na zuwa garin nan su ga kasuwa, ni an kawo mini mai kallon ƙusa."

Da suka dawo, Baba yana zaune a baranda, ya baje basilla da zare da kakin zuma da 'yar wuƙarsa a kan tabarma, yana goge hannu. A gabansa ga wani littafi cikin jar fata, sumul, an danna masa layi biyu a gefe don ado. Hoton matar da jakinta, wanda ya yanko daga tsohon bangon, yana manne a fuska daram.

"Ɗauki," in ji shi, yana kallon wani wuri kamar ba shi ya yi ba. "Wannan ko a ƙarƙashin motar kika ajiye shi."

Gara ta ɗauka, ta shinshina fatar, ta sa yatsa za ta buɗe. Ya ƙi buɗuwa. Ta sake gwadawa. Sai ta lura inda take ja nan ne ɗinkin yake. Baba ya ɗinke littafin ta dama, yadda ya ɗinke kowane littafi da ya taɓa shiga hannunsa shekara talatin. Ya bi lambobi, bai kuskure ko ɗaya ba, ya yanke gefen da gam ya ɓata ya daidaita shi tas. Shafi na ɗaya yana sama, in ka juya shi zuwa dama na biyu yana damanka, na uku yana hagunka. Komai na nan, ana karantawa lafiya. Littafin boko ne dai ya koma buɗewa irin ta littattafan Baba.

"Baba," in ji ta a hankali, "ta wannan gefen ka ɗinke."

"To ta ina ake ɗinkewa?"

"Namu ta hagu ne."

Baba ya karɓa ya juya shi, ya sake juyawa. Ya tuna yadda yake ganinta kullum tana buɗe littafi ta baya, abin da ya daɗe yana ɗauka rigimar yara ce. Goggo ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. "Yaya! Ka musuluntar da littafin mutane!"

"Ke rufe mana baki," in ji Umma, ita ma tana danne tata da gefen mayafi.

Baba ya ɗauki wuƙa. "Kawo in farke. Kafin la'asar na mayar da shi."

Gara ta riƙe littafin ta duba. In aka farke, huji goma sha biyu za su zauna a bakin kowane ganye, a fili. Gefen hagun kuma an riga an yanke, in aka ɗinke ta nan zare zai cinye farkon kowane layi. Ta auna abin yadda take auna ƙafar gada, ta ga inda nauyi zai sauka. Ko an farke ko ba a farke ba, littafin ba zai koma yadda ya fita ba. Katinta ya riga ya tafi tun a kan murfin inji, kuma ba Baba ne ya kife shi a can ba.

"A bar shi, Baba. Haka zan kai."

"Malamar taku fa?"

"Ni zan yi mata bayani. Ni na ɗauko."

Kwana biyar suka yi, ta gama littafin a baranda. A hanyar dawowa ta zauna kusa da Baba a tsakiyar mota, nesa da inji. Ta ce tana so ta gwada bayanin da za ta yi a aji, sai ta fara karanta masa tana fassarawa. Hannunta ya riƙa kuskuren juya shafi, Baba ya karɓi aikin, shi da hannunsa ya saba. Tana kai ƙarshen shafi sai ta ɗaga kai, shi kuma ya juya. Kafin a yi nisa ya shiga labarin tsundum.

"Wannan mata ba ta da hankali. Ta bar jakin a gindin dutse?"

"Ba zai iya hawa ba ne, Baba."

"To ta ɗaure shi a inuwa mana. Wa ke barin dabba a rana? Juya mu gani."

"Kai ne mai juyawa."

Gada goma sha biyu suka wuce, huɗu kawai ta ɗaga kai ta kalla.

Ranar da aka koma makaranta ba ta jira an kira ta ba. Ana tashi tara ta nufi ƙarshen baranda, ta yi sallama, ta ajiye littafin a gaban Malama Shiru. Malama ta ɗauka, ta ja ta inda aka saba, ya ƙi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Mene ne wannan?"

Gara ta faɗi komai, daga gada ta uku har zakaran dattijo. Ba ta rage laifinta ba, ba ta jingina shi ga direba ko rami ba. Ta ƙare da cewa, "Babana ne ya ɗinke. Littattafan da yake ɗinkewa ta dama suke buɗewa. Shafi ɗari biyu da goma sha biyu, duk suna nan, Malama, ki ƙirga."

"Haka ya fita daga ɗakin nan?"

"A'a. Da ya fita gam ne ya riƙe shi. Yanzu ki kama ganye ɗaya ki ɗaga shi sama, ki girgiza."

Malama ta dube ta kamar za ta ce shiru. Sai kuma ta kama ganye ɗaya daga tsakiya da yatsa biyu, ta ɗaga. Littafin ya yi lilo, ko gezau. Ta buɗe tsakiya ta bi zaren da farce, ta ƙirga ɗinkin, ta duba yadda aka naɗe fatar a kusurwa. Ta daɗe a kan kusurwar nan.

Sannan ta jawo gwangwanin biskit, ta zaro katin Gara, ta buɗe aljihun tebur ta jefa shi, ta rufe.

"Har ƙarshen zango."

"Na sani, Malama." Idonta ya tsaya a kan aljihun nan. Wata uku ne cur.

"In na ɗaga miki, gobe wani zai kawo mini nasa da miya a ciki ya ce ya ƙara masa daɗi." Malama ta miƙe, ta zaro makulli daga jaka, ta buɗe wani kabad na ƙasa da Gara ba ta taɓa ganin an buɗe ba. Ta jawo kwali babba tana nishi. Cike yake da littattafai, wasu babu bango, wasu an ɗaure da roba, wasu an zuba su a leda kamar ganyen shayi. "Arba'in da ɗaya. Duk na cire su daga rajista, ba na aro ba ne, babu ruwansu da kati. Babanki zai koya miki ɗinkin nan?"

"Zai koya mini."

"Ke za ki yi, ba shi ba. Bibbiyu za ki riƙa ɗauka. Kuma kada ki kawo mini ko ɗaya sai kin bi shi shafi-shafi kin tabbatar babu wanda ya ɓace."

Gara ta dubi kwalin, ta dubi Malama. "Wato sai na karanta kowanne."

"Ni ban ce ba. Shiru. Ɗauki biyu ki ba ni wuri."

Da yamma ta sauka a rumfar Baba ko kayan makaranta ba ta cire ba. Ya matsar da takalman mutane gefe, ya ba ta basilla ƙarama, ya nuna mata yadda ake jan zare a cikin kakin zuma har ya yi santsi. Ta jera shafukan na farko, wani littafi a kan taurari, ta daidaita su a gwiwa. Hujin farko ya karkace, na biyu ma haka. Baba ya ce ta saki kafaɗa, ba faɗa take yi da takardar ba. Mai gyaran rediyo ya leƙo ya ce, "A'a, baduku, yau an yi sabon ma'aikaci?"

"Injiniya ce," in ji Baba. "Aro aka ba ni."

Na uku ya shiga daidai. Ta ja zaren ta ɗaure, ta ɗago ta nuna masa. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙa mata kakin.

"Saura tara a wannan. Yi sauri, ina so in ji abin da suka ce a kan taurarin."